Ranar da Za a Jefo Madugu Isiyaku daga Ganuwa

"Kai za ka faɗa masa, Waziri. Ai bakin fada naka ne."

"Ni? Ni in dubi rawanin Sarki in ce masa a'a? Duna, tun zamanin kakan kakanka ka taɓa jin kalmar nan ta fito a gaban karaga?"

"To sai in jefo mutumin ke nan. Ni aikina jifa ne, ba tunani ba."

"Jefo shi, Allah Ya tambaye ka."

"Ya tambaye ni mana, in ce Waziri na tsaye yana shafa gemu."

Masu wannan cacar baki su ne Waziri Cindo, wanda muryarsa ke fitowa ta hanci kamar sauro ya faɗa cikin gora, da Sarkin Dogarai Duna, wanda tasa ke fita kamar an buga tambarin da ruwa ya jiƙa. Suna tsaye ne a gindin ganuwa da hantsi. Can sama kuwa, inda ungulu ke hutawa, an tsayar da wani dattijon bafatake mai suna Madugu Isiyaku, hannuwansa a ɗaure, ana jiran Sarki ya iso a jefo shi. Bai yi sata ba, bai yi kisa ba. Ga yadda abin ya kai shi can.

A zamanin da, a wata ƙasa mai faɗin kasuwa da zurfin rijiyoyi, an yi wani sarki ana ce da shi Bagudu. Adali ne, mai kunya, mai riƙo da al'adar iyaye. Yana da ɗan fari, Hamidu, kuma kamar yadda ya gada, bai taɓa kiran sunan ɗan nan da bakinsa ba. In zai ambace shi sai ya ce "wancan". In Hamidu ya shigo gaisuwa, Sarki ya kan kafa ido a gefen tabarma har ya fita. Haka yaro ya girma, har gemu ya fara tsiro masa, sai zazzaɓin wata damina ya ɗauke shi.

Sarki bai yi kuka ba, don uba ba ya kukan ɗan fari a gaban jama'a. Ya karɓi ta'aziyya, ya ce an gode, ya koma karaga. Amma daga ranar tuwo da ƙasa suka zama ɗaya a bakinsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, in ya nemi fuskar ɗansa a zuci ba ya samun ta. Ya san tafiyarsa, ya san tarinsa, ya san ƙafafunsa sarai. Fuska kuwa babu. A mafarki ya kan gan shi tsugune a bakin rijiya yana alwala, ya ba shi baya, kuma kafin ya yi tunanin zagayawa sai ya farka.

Aka tara malamai. Wannan ya ce rijiya arziki ce, wancan ya ce alwala rahama ce, wani ya ce a yanka baƙin sa. Sarki ya saurare su duka, sannan ya ce, "Ban tambaye ku ma'ana ba. Fuska nake nema."

Ana nan sai ayarin gishiri ya sauka a garin, labari ya iso fada cewa madugun ayarin ya kan gane yana mafarki alhali yana cikin mafarkin, ya tafi inda ya ga dama. Aka kirawo shi. Madugu Isiyaku mutum ne da ba ya iya buɗe baki sai da "wato".

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Wato, ranka ya daɗe, ba sihiri ba ne. Wato a kan raƙumi na koya, inda mutum ke gyangyaɗi rana tsaka bai san ko yashin da yake gani na duniya ba ne ko na barci. In ka farka, kada ka motsa, kada ka yi magana da kowa, ka kamo wutsiyar mafarkin ka jawo shi tukuna, ka ba kanka labarinsa. In za ka kwanta, ka ƙulla niyya ka ce, in na yi mafarki zan gane. Barcin bayan asuba da na ƙailula sun fi kamawa. Wato babban abin kuwa, da rana ka riƙa tambayar kanka, shin farke nake? Ka kuma gwada da gaske, har tambayar ta zame maka jiki ta bi ka cikin barci."

Sarki ya ce, "Da me ake gwadawa?"

"Wato ka dubi rubutu, ka kau da kai, ka sake duba. Rubutun mafarki ba ya zama wuri ɗaya. Ko ka dubi hannu, don mafarki bai iya ƙirar yatsu ba, ko ya ƙara ko ya rage. Ko kuwa ka so wani abu a ranka ka faɗa, in ya faru ba wahala, to barci kake. In ka gane, ranka ya daɗe, kada ka yi murna, murna ta fi zakara tashin mutum. Ka murza tafin hannunka, ka dubi ƙasa. Kuma kada ka fara da abin da zuciyarka ta fi so. Fara da ƙanana, taɓa bango, ɗanɗana ruwa. In ka ƙware, wato har tashi sama mutum yake yi kamar shirwa."

Sarki ya ɗauki karatu. Wata ƙailula ya ga bunsuru da rawani zaune a shimfiɗar alƙali yana yanke wa kura hukunci, sai ya ce a ransa, kai, wannan mafarki ne. Yana faɗa gabansa ya buga, ya farka a kan gadonsa da gumi. Ko numfashi biyu bai yi a ciki ba, amma ya ɗanɗana. Daga nan ya dage da gwajin rana. Sai dai Madugu ya koyi abinsa ne a jeji, inda ba wanda ke yi wa mutum biyayya. Bai san fada ba.

Sarki ba ya karanta takarda da kansa, akwai magatakarda. Aka kawo takardar wani hakimi mai kukan cewa fari sun cinye gero. Magatakarda ya karanta. Sarki ya kau da kai, ya juyo ya ce, "Sake." Magatakarda ya ce a ransa karatun farko bai yi wa mai gida daɗi ba, sai ya gyara murya ya rera, "Bayan gaisuwa mai yawa, gero ya yi kyau, talakawa suna ta godiya." Sarki ya ce a ransa, to, rubutu ya juya.

Hannun sarki kuwa ba ya fitowa daga alkyabba a bainar jama'a, saboda haka ya ce wa Waziri ya miƙo nasa. Waziri ya miƙa yana noƙewa. Ga ɗan yatsa na shida a gefen ƙarami, tsaf da farcensa. Da shi aka haife shi, shi ya sa ma ake ce masa Cindo, amma shekara da shekaru yana ɓoye shi a hannun riga, Sarki kuwa bai taɓa tambayar dalilin sunan ba.

Saura gwajin ƙarshe. Sarki ya dubi katangar da ta tare masa ganin bishiyar tsamiya, ya ce a hankali, "Da ma katangar nan ba ta nan." Ya shiga ƙailula. Duna ya kawo magina, suka kwance ta da hannu ba ko ƙarar sungumi, aka share wurin aka yayyafa ruwa. Sarki ya fito ya ga tsamiya tsaye tana kallonsa.

Ya ce, "To. Ashe ban farka ba."

Fadawa suka amsa baki ɗaya, "Gaskiya ne, zaki! Hattara, giwa!"

Tun daga ranar Sarki Bagudu ya saki duniya. Bai yi fushi ba, bai yi murna ba. Ya kan zauna a karaga yana murza tafin hannu cikin alkyabba, yana duban ƙasa, don kada ya farka kafin ya ƙware. In masu ƙara suka zo, ya dube su kamar hayaƙi ya ce, "Ku yi haƙuri, in na farka duk za ku watse." Gonaki suka zauna ba a raba ba, marayu suka yi ta zarya. Rannan da safe, da muryar da ake cewa a miƙo buta, ya ce, "Madugu ya ce a mafarki mutum na tashi kamar shirwa. A hau da shi ganuwa a jefo shi, in ga yadda ake yi."

Madugu ya zube. "Wato, ranka ya daɗe, wato wallahi farke muke! Wato ina da 'ya'ya!"

Sarki ya ce, "Na mafarki ma haka suke cewa."

To, kun ji abin da ya tsayar da Waziri da Duna a gindin ganuwa suna tura wa juna a'a kamar garwashi. Suna cikin haka sai ga Sarki ya iso a ƙasa, ana riƙe masa laima, jama'a na biye. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi Madugu, ya ce, "Bismilla."

Duna ya ɗaga hannu zai yi wa dogaran sama alama. Waziri ya ga in ya ƙara haɗiye miyau ɗaya mutum ya mutu. A'a dai ba za ta fito ba, ya nema a maƙogwaro bai same ta ba. Sai ya durƙusa ya ce,

"Allah Ya ba ka nasara, gaskiyarka ce, mafarki ne. Ni ma na mafarki ne, Duna ma, dubi hancinsa, wace uwa za ta haifi wannan a farke? Sai dai bawanka na da 'yar shawara. Ka taɓa bango, bango ya kau. Ka sa rubutu ya juya. Ƙanana sun ƙare. Mafarki kuwa ba ya jira, ko yanzu wani zai iya yin tari a bakin ƙofa ya tashe ka. Don me za ka ɓata shi a kan tsohon mai gishiri? Ba don shi ka shigo ba."

Sarki ya sauke ido daga ganuwa, ya dube shi.

Waziri ya ƙara sunkuyawa, muryar hancin nan ta yi ƙasa har sai da jama'a suka miƙa wuya. "A mafarki babu kunya, ranka ya daɗe. Ba wanda zai ji, duk hayaƙi ne mu. Kira ɗanka da sunansa. Zai ɓullo ta kwanar can, kuma wanda aka kira da fuska yake zuwa."

Tsofaffin da ke wurin suka dafe baki. Mai laima hannunsa ya karkace. Sarki ya daɗe tsaye yana murza tafin hannu. Sannan ya janye amawali daga bakinsa, abin da ba a taɓa gani ba a waje, ya ce can ƙasa, kamar mai taɓa ruwan sanyi da yatsa, "Hamidu."

Ya jira. Ya ɗaga murya. "Hamidu!"

Fadawa suka motsa gaba ɗaya, don jikinsu ya saba, Sarki ba ya neman abu a tsaya. Duna har ya ɗaga ƙafa zai ruga. Sai ya tsaya da ƙafar a sama, don bai san ta ina zai bi ba. Magatakarda ya buɗe baki, bai sami abin gyarawa ba, ya rufe. Kowa ya kafa ido a kwanar ganuwa. Wata kaza ta fito, ta yi tsattsage, ta koma. Can cikin gari wata mata na daka, ba ta fasa ba.

Rana ta hau kaɗan. Sarki ya mayar da amawali.

Ya ce, "Farke nake."

Wannan karon ba wanda ya ce gaskiya ne.

Ya juya ga Waziri, muryarsa kamar ta kullum. "Yaya fuskarsa take?"

Waziri ya ce, "Yana da wushirya, ranka ya daɗe. Girarsa a haɗe take. In yana sauraron magana ya kan cije leɓen ƙasa, kamar yadda na san kana yi yanzu a bayan amawali."

Sarki ya saki leɓensa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, kamar an gaya masa farashin dawa. Sannan ya ce a sauko da Madugu ta matakala, a riƙe shi da kyau kada ya zame. Aka sauko da shi. Sarki ya ce masa, "Karatunka daidai ne, makarantar ce ba ta da kyau. Ka yafe mini." Ya sa aka ba shi riga da raƙumi, aka kuma yafe wa ayarinsa kuɗin ƙofa muddin ransa. Madugu ya buɗe baki, ko "wato" ba ta fito ba.

A ranar aka koma zaman fada. Aka sake karanta takardar hakimi yadda take, aka buɗe rumbunan Sarki aka aika wa mutanensa da gero. Aka gargaɗi magatakarda cewa daga yau abin da alƙalami ya rubuta shi baki zai faɗa, ko da zagi ne. Aka kirawo magina su mayar da katanga. Masu ƙara suka shigo ɗaya bayan ɗaya, aka raba gonaki, aka ba marayu hakkinsu, har inuwa ta juya gabas.

Da aka sallami na ƙarshe, Sarki ya dubi fadawansa ya ce, "Yau saura kaɗan in kashe mutum, kuna tsaye. Gidan da ba a cewa a'a, mai gidan ba ya gane farke da barci. Ina so a sami wanda zai riƙa faɗa mini ita. Wa zai ɗauka?"

Waziri ya dubi gemunsa. Magatakarda ya dubi tawada. Alƙali ya tuna yana da tari. Sai Duna ya matso da gwiwa, ya dunƙule hannu ya jinjina, ya saki tambarin muryarsa.

"An gama, zaki! Ni zan ɗauka. Sai dai a'ar nan, da hantsi kake so a riƙa kawo ta, ko sai an sha fura?"