Kanari da Kwaɗon Cikin Randa

An yi wani Kanari mai zaƙin murya da ji da kai, yana waƙa a gidajen suna. Abokin aikinsa Kwaɗo ne, mai haƙuri. Shi Kwaɗo ba ya rera komai. Tsohuwar randa yake shiga a kusurwar ɗaki, ya riƙa "gum, gum" daga can ƙasan maƙogwaro, randar tana ƙara wa sautin kauri.

Wata rana Baba Kunkuru ya gayyace su sunan jikarsa. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, amma ya yi wa 'yarsa alkawarin zai taka rawa ko sau ɗaya ne.

A bakin ƙofa Kanari ya tare Kwaɗo. "Malam, yau dai ka huta. Shekara nawa kana gum-gum, ko kalma ɗaya ba ka taɓa fitarwa ba?"

"To, wa zai riƙe maka ƙasan waƙar?"

"Waƙa har ƙasa gare ta? Gini ce?"

Kwaɗo ya mirgina randarsa ya koma inuwa.

Kanari ya soma. Murya siririya, kowace kalma a fili. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai, amma ba wanda ya motsa ƙafa. Can Baba Kunkuru ya miƙo wuya. "Wai an fara ne?"

"Baba, baiti na uku ke nan!" in ji Kanari.

"Yaro, ni yanzu a ƙirji nake jin kiɗa, ta ƙasa yake zuwa mini. Ina mai randar nan?"

Kanari ya ce ai shi ma zai iya. Ya kumbura ɗan ƙirjinsa, ya danne murya iya ƙarfinsa. Sai aka ji "kyarrr", kamar an yaga tsumma. Murya ta dushe.

Da kansa ya fita, cikin raɗa ya ce, "Yaya Kwaɗo, don Allah ka yi haƙuri."

"Kama mini randar," in ji Kwaɗo. "A kusurwa za mu ajiye, nan ta fi cika ɗaki."

Gum. Gum. Daɓe ya ɗauki sautin, har ruwan cikin wata ƙwarya ya soma rawa. Baba Kunkuru ya yunƙura ya miƙe, ya taka ɗaya, ya taka biyu, 'yarsa tana guɗa tana share hawaye. Kanari kuwa, tun da babu murya, da fiffike ya yi tafi.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka raina wanda aikinsa ba ya fitowa fili. Yara, ku duba na'urar kiɗan gidanku: ƙananan lasifikoki ne ke fitar da kalmomi, amma akwatin nan na ƙasa, wufa, shi ke bugun ƙirji. Ku cire wayarsa ku gani ko wani zai tashi rawa.