Ranar da Wuƙa Ta Ci Na Allah

Akwai wani ɗan tauri a Attantane mai suna Na Allah, wanda a da ko an goga masa wuƙa a ciki sai dai ta lanƙwashe. Ni da ba na tsoron kowa, in na hango shi hanya nake sakewa, don ladabi kawai.

Shekarar da fari ya ƙone hatsi, soja kuma suka karɓi mulki, ciwon zuciya ya kayar da shi. Ɗansa ya kai shi ƙasar waje aka yi masa aiki. Kafin tafiyar, a ɓoye ya sa aka karya masa taurin don wuƙar likita ta shiga.

Da za a sallame shi likita ya ce, "Ƙwayoyin da ke tsayar maka da jini sun ragu ƙwarai. Ko reza ka kiyaya."

A garin, matarsa Zara'u kaɗai ta san an karya taurin.

Wata safiya a bakin rijiya, Rabo makiyayi yana shayar da ragowar awakinsa, Na Allah ya ture su da ƙafa.

"Haba Baba, ai layina ne."

Na Allah ya sauke masa sanda a baki, haƙora biyu suka zube. Ya ƙara masa a haƙarƙari. Rabo ya kai hannu ƙugu zai zaro wuƙa, Na Allah ya fizge ta.

"Ni za ka zaro wa ƙarfe? Ku kalla!"

Zara'u ta yar da tulu. "Malam, kar ka yi! An karya!"

Amma idanun jama'a na kansa. Ya ja wuƙar a damtsensa.

Nama ya dare. Aka tura toka, aka danna garin taba, jini sai bulbula yake har ya jiƙa igiyar guga. Masu yi masa kirari suka watse.

Rabo ne ya kwance rawaninsa ya ɗaure damtsen, ya rungume shi bisa kabu-kabu har gidan likita a Mayahi. Da aka nemi jini, ya miƙa hannu.

Na Allah ya farfaɗo ya ga leda rataye. "Jinin wa?"

Rabo ya ce da kumburarren baki, "Nawa ne, Baba. Ka zubar da rabi a rijiya, ga sauran. Wannan dai ka riƙe shi da kyau."

Darasi: Ka bi gargaɗin likita ko duk gari na kallonka, kuma kar ka zubar da jinin kowa, ba ka san wanda naka zai buƙata ba. Ku tura wa 'yan uwa. Kullum sai ku karance ku yi gum, ni da hikimata kuna bari na da ciwon yatsa!