Ƙofar da Gwamna Ya Kulle

An yi wani gwamna da mutane ke yi wa laƙabi da Yanzu-yanzu. Kafin ya shiga siyasa likitan tiyata ne, kuma ƙwararre, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa: ba ya iya jira, kuma ya tsani a ce masa "tsaya tukuna". A ɗakin tiyata ya saba da miƙa hannu kawai a ɗora masa almakashi, ba mai tambayar dalili. Da ya hau kujerar mulki sai ya ɗauka jihar ma majinyaciya ce da aka yi wa allurar barci, sai yadda ya yi da ita.

Yana da 'ya mace guda ɗaya, kowa Auta yake ce mata. Ta auri wani malamin makaranta, suna zaune a unguwar bayan tashar mota, inda gidaje ke manne da juna. Sau biyu tana yin ɓari. Wannan cikin na uku ne ya zauna, amma likitoci sun ce ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi mata aiki. Suka kuma ja mata kunne cewa duk ranar da ta ga jini, kada ta tsaya komai, a garzaya da ita babban asibiti. Gwamna ya ɗora ransa a kan cikin nan. Har gadon jariri ya saya ya ajiye a ɗakin karatunsa, matarsa na yi masa tsiya wai ya fi mai cikin zumuɗi.

Ana nan sai annobar wani zazzaɓi mai saurin yaɗuwa ta ɓarke, kuma a unguwar su Auta ta fara. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba gwamna ikon kafa dokar ta-ɓaci na wata guda. In yana son ƙari, dole ya je majalisar dokoki ta amince, kuma duk wanda aka tsare yana da damar kai kukansa kotu. Gwamna ya kafa dokar. Aka zagaye unguwar da kwanon rufi, aka bar ƙofar ƙarfe guda ɗaya, aka kafa tantin jinyar masu zazzaɓi a filin ƙwallo, motocin abinci da na ruwa suna shiga kullum. A gaskiya watan farko ya yi aiki, har mutane na sa masa albarka.

Sai labari ya zo masa cewa wani ɗan kasuwa ya lallaɓa kwamitin da ke ba da izinin fita, ya sulale. Ransa ya ɓaci. Nan take ya rushe kwamitin, ya ce daga yau ƙofar nan ba ta buɗuwa sai da sa hannun gwamna, shi kaɗai.

Da wata ya kusa cika, kwamishinan shari'a ya shigo ofishinsa. Abokinsa ne tun suna makaranta, Lauya yake kiransa.

"Ranka ya daɗe, wa'adin dokar nan ya zo ƙarshe. Sai mu shirya zuwa majalisa."

Gwamna bai ko ɗago kai ba. "Majalisa? Mutanen da za su wuni suna gardamar wanda zai fara magana? Lauya, mutane mutuwa suke yi."

"Na sani. Kuma na tabbata za su ƙara maka wa'adin, ba mai son annoba ta shiga gidansa. Tambayoyi kawai za su yi maka."

"Wace tambaya ce ban san amsarta ba?"

"Za su ce mai naƙuda fa? Mai zuwa wankin ƙoda fa? Za su ce in ba ka nan, wa zai sa hannu?"

Gwamna ya yi dariya. "In ba na nan? Ina za ni? A ofis ɗin nan nake cin abinci, a nan nake kwana."

Lauya ya ja kujera ya zauna, ya sauke murya. "Abokina, yanzu ba gwamna nake wa magana ba. Kai kake faɗa mana cewa a ɗakin tiyata akwai mai sa barci, in ya ce ka dakata dole ka dakata. Ka taɓa korarsa don ya ce maka haka?"

"Shi ya san aikinsa. Su kuwa surutu suka sani." Ya tura masa takarda. "Rubuta min ƙarin wa'adi in sa hannu."

"Hannuna ba zai rubuta abin da doka ta hana ba."

"To ajiye min mukullin ofis."

Haka aka yi. Lauya ya kwashe littattafansa ya koma gida, Gwamna ya ƙara wa kansa wa'adi.

Daga nan abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Takardun neman izini suka taru a kan teburinsa, shi kuwa mutum ɗaya ne, ga taro, ga zagayen asibitoci. Wata rana da hantsi aka kawo wata mai naƙuda bakin ƙofa tana jin jiki. Sufeton da ke gadin ƙofar ya kira ofishin gwamna bai samu ba, ya kira mataimakin gwamna, shi kuma ya ce a buɗe. Aka buɗe, matar ta sauka lafiya. Maimakon a gode wa sufeto, sai Gwamna ya sa aka dakatar da shi daga aiki, ya kuma wanke mataimakinsa tas a gaban ma'aikata. Aka kawo sabon sufeto, mutum mai iyali da yawa, wanda ya ga abin da ya sami na gabansa.

Wasu mazauna unguwar suka kai ƙara ta hannun lauyoyinsu. Alƙali ya duba ya ce wa'adin dokar ya ƙare, ƙarin da gwamna ya yi wa kansa ba ya bisa ƙa'ida, ya je majalisa ko ya buɗe ƙofa. Me Yanzu-yanzu zai yi? Sai ya ba da umarni a rufe ginin kotu da na majalisa, wai za a yi feshin magani. Aka garƙame su da kwaɗo. Feshin nan ya ƙi ƙarewa, har mutanen gari na cewa ko kyankyasan majalisa sun gaji da shaƙa.

Ita kuwa matarsa ba ta da zance sai na Auta. Ta same shi a ɗakin karatu, ta tsaya kusa da gadon jaririn.

"Baban Auta, ka fito min da yarinyar nan. Ka san halin da take ciki."

"In na fito da tawa, da wane ido zan kalli iyayen sauran? Saura mata makonni. Lokaci na yi zan sa hannu, ni da kaina zan tsaya a kan aikin."

"Haihuwa tana jiran lokacin da aka sa mata ne? Kai fa likita ne!"

"Shi ya sa na ce ki kwantar da hankalinki."

Bai tsaya nan ba. Washegari ya shiga gidan rediyo, ya buga ƙirji ya ce: "Ina gaya wa masu gadin ƙofa, ko 'yata ce ta zo, in ba ta da sa hannuna, kada a buɗe mata." Mutane da yawa suka yaba, suka ce ga adali. Matarsa kuwa ta kashe rediyon ta shige ɗaki tana kuka.

Ba matsoraci ba ne, yakan shiga tantin masu zazzaɓi da kansa ya duba su. A can ya kwaso cutar. Ya ɓoye, yana shan magani yana ci gaba da aiki, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar taro. Aka kai shi ɗakin keɓe marasa lafiya bai san inda kansa yake ba.

Yana kwance a haka, wata safiya Auta ta ga jini.

Mijinta ya roƙi maƙwabci mota, aka shimfiɗa ta a kujerar baya, suka nufi ƙofa. Likitan tanti ya leƙa ya ce ba shi da kayan aiki, ba shi da jinin ƙari, a yi maza a fita da ita. Malamin ya ruga wurin sufeto.

"Yallaɓai, ka taimaka! Matata ce, jini take zubarwa!"

"Ina takardar?"

"Wace takarda? Mai sa hannun yana kwance bai san kowa ba! 'Yarsa ce, wallahi 'yar gwamna ce!"

Sufeto ya share gumi. "Malam, na san ta. Amma ba ka ji shi a rediyo ba? Da bakinsa ya ce ko ita. Wanda ya riga ni a nan don ya ji tausayi yau yana gida ba albashi. Ka samo min wanda doka ta ba iko ya ce in buɗe, yanzu in buɗe."

Malamin ya kira surukarsa. Ta kira mataimakin gwamna tana ihu. Mataimaki ya ce, "Ranki ya daɗe, takardar ta ce gwamna kaɗai. Kafin in zama muƙaddashi sai majalisa ta zauna ta tabbatar ba shi da lafiya, majalisa kuwa tana kulle. Zan kira sufeton, amma ya san maganata ce ta jawo wa sufeton farko dakatarwa." Ya kira, sufeto ya ce a yi masa haƙuri. Matar gwamna ta kira Lauya, ya bar abin da yake yi ya tafi gidan alƙali. Alƙali ya rubuta umarni a kan teburin cin abincinsa, amma hatimin kotu yana can cikin ginin da aka garƙame. Da Lauya ya iso bakin ƙofa da takardar, sufeto ya juya ta ya ce, "Yallaɓai, hukuncin da ke da hatimi ma ba a bi shi ba, balle wannan."

Rana ta take. Matan unguwa suka kewaye motar suna yi wa Auta fifita, wasu na kuka, wasu na zagin masu gadi. Muryarta ta fara yin ƙasa. Wata dattijuwa ta kamo hannun sufeto ta ja shi har bakin tagar motar, ta ce, "Ɗana, ba na ce ka buɗe ba. Ka duba kawai." Ya duba. Ya ga zanen da aka shimfiɗa mata ya jiƙe sharkaf. Sai ya ciro mukulli daga aljihunsa ya ce, "A kore ni ɗin."

An buɗe, amma an makara. Likitocin babban asibiti suka ceto Auta da ƙyar. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Don a tsayar da jinin kuma sai da aka cire mata mahaifa.

Da Gwamna ya farfaɗo ya ga matarsa zaune ta bayan gilashi, maganar farko da ya yi ita ce, "Lokacin Auta ya kusa. A kawo min takarda in sa hannu." Hawaye kawai ke zubo wa matar. Shi likita ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya juya fuskarsa bango.

Da ya warke ya je ɗakin da Auta take kwance. Ya tsaya a bakin gado.

"Auta... ki yafe min. Da ina farke, wallahi da na sa hannu."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. "Na sani, Baba. Ni da ka sa min. Amma ina kwance a motar nan na ji matan unguwa suna lissafa waɗanda suka rasu suna jiran takarda, lokacin kana nan lafiyarka ƙalau. Baba, ni ce ta nawa?"

Bai taɓa tambaya ba, kuma duk wanda zai tambaye shi ya riga ya kulle masa ƙofa.

Daga asibiti ya sa aka cire kwaɗon majalisa da na kotu. Ya je ya tsaya a gaban 'yan majalisa. Suka yi surutu kamar yadda ya faɗa, suka yi gardama, wani ma ya gaya masa maganganu masu zafi. Amma kafin yamma sun ƙara wa'adin dokar, da sharaɗin a ajiye motar asibiti a bakin ƙofa, likitan tanti ya iya ba da izinin fita, kuma a dawo gabansu duk wata a sake dubawa. Wuni guda kacal abin ya ci. Aka mayar da sufetocin nan biyu bakin aikinsu, don na biyun ma an dakatar da shi bayan ya buɗe ƙofar, annoba kuma ta lafa a hankali. Da wa'adin mulkinsa ya ƙare bai sake tsayawa takara ba. Gadon jaririn yana nan a ɗakin karatunsa, ya hana a fitar da shi, ya kuma daina shiga ɗakin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iyakar da tsarin mulki ya gindaya wa mai mulki ba cin fuska ba ce, kuma ba a jingine ta don an shiga tashin hankali, a lokacin ne ma aka fi buƙatarta. Shugaba ko ya kai kowa ilimi da kyakkyawar niyya, mutum ne: yana mantuwa, yana kuskure, yana kwanciya ciwo. Majalisa da kotu suna da nawa wajen aiki, amma su ne ke tambayar abin da mai sauri ya tsallake, kuma su ne ke nan ranar da shi ba ya nan. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda aka ba amanar jama'a, in an ce masa "tsaya tukuna", ya tsaya ya saurara, domin ƙofar da ya kulle wa 'ya'yan wasu bai san ranar da tasa 'yar za ta zo bakinta ba.