Birnin Muktar da Wasiyyar Malam Tahiru

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Gure, sunansa Rashidu, yana da ƴar ƙaramar ordinater, wato kwamfuta, mai araha, irin wadda ake ɗauka da hannu ɗaya.

Da ciwon mahaifinsa Malam Tahiru ya yi tsanani, tsohon ya sa Rashidu ya ɗauke shi a bidiyo. Ya faɗi itatuwan dabinonsa na cikin kwari ɗaya bayan ɗaya. Ya ce goma sha ɗaya na bakin rijiya ya ba ƴarsa Habsu kyauta tun yana da lafiya. Kun san a wajenmu ƙasa daban, dabino daban, kowace itaciya da mai ita. Wayar Rashidu ta cika, sai ya mayar da bidiyon cikin ordinater, ya share na wayar.

Bayan rasuwa aka sa ranar rabon gado. Rashidu zai koma aiki Gidigir na kwana tara, sai ya kai ordinater ajiya wurin Muktar, amininsa tun yarinta, mai shagon cajin waya a kasuwa. Ya gaya masa abin da ke ciki. Muktar ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

To, Muktar ya daɗe da wani wasan yaƙi na ordinater a ajiye, bai samu inda zai saka shi ba. Ana gina gari, a yi noma, a tara mayaƙa. Masu yinsa sun sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya so. Rashidu bai fita gari ba Muktar ya buɗe ajiyar.

Wasan ya ƙi shiga, wai wuri bai isa ba. Ya share waƙoƙi, bai isa ba. Saura abu ɗaya babba, an rubuta masa Baba. Ya ce a ransa ai dole akwai wani a wayar Rashidu. Waya tana hannunsa, bai kira ya tambaya ba. Ya share.

Wasan ya shiga, amma yana tafiya yana tsayawa. Ya rage kyan hoton, ya rage yawan mayaƙa, sai ya miƙe lafiya lau. Kwana tara yana gina gari.

Ranar rabo dattawa suka zauna a zauren gidan, da baffansu Jibirilla wanda dama bai yarda an yi wata kyauta ba. Rashidu ya karɓo ordinater ya duba, ya sake dubawa, babu bidiyo. Aka kira Muktar. Ya rantse bai buɗe ta ba, ya ce ƙananan nan haka suke, zafi kaɗan sai su cinye abin da ke ciki.

Rashidu ya ga wata alama da bai sani ba, ya danna. Sai ga gari da ganuwa da rumbuna, an rubuta a sama: Birnin Muktar.

"Zafin ne ya rubuta sunanka?" in ji Rashidu.

Muktar ya sunkuyar da kai.

Shaidar Rashidu shi kaɗai ba ta isa ba. Dabinon ya shiga gado, Habsu ta tashi da uku.

Maganar ta zaga kasuwa. Masu kawo caji suka kwashe wayoyinsu suka koma wani shagon. Wa zai bar wayarsa wurin mai leƙa ajiya?

Muktar ya je gidan ban haƙuri. Rashidu ya ƙi fitowa, Habsu ce ta tsaya a ƙofa. Ya ce zai yi aiki ya saya mata dabino takwas ɗin.

Ta ce, "Yaya Muktar, bar dabinon. Ni ban kalli bidiyon ba. Cewa na yi sai zuciyata ta yi ƙarfi, in zauna ni kaɗai in ji muryar Baba. A ina za ka sayo mini ita?"

Ta rufe ƙofa.

Darasi: Abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne, ko buɗe shi kada ka yi. In ka ci amana kuma, kada ka ɗora rantsuwar ƙarya a kai. Ku tura wa ƴaƴanku da jikokinku masu danne-danne, su ji tsoron Allah.