Yakutun da Ya Nemi Suna

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a bayan Tsaunin Gwauron Dutse, an yi wani Sarki mai suna Barmo, wanda kwaɗayi ya sa ya aika aka fasa kogon aljanu, aka ciro masa jan yakutu mai ƙyalli kamar garwashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ranar da ya rataya wa 'yarsa ta fari dutsen nan a wuya, yatsun ƙafarta suka sandare, suka zama jan dutse, kullum abin yana hawa sama.

Ita Gimbiyar sunan mahaifiyar Sarki ta ci, don haka Uwani yake ce mata, bai taɓa furta sunanta na yanka ba saboda kunya.

Jatau, maƙerin farfaru mai ƙera kayan ado na fada, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in je inda aka ciro yakutun nan."

Ya shiga kogon, ya tarar da duwatsu masu launi iri-iri suna nishi a bango. Wata tsohuwar aljana mai ido ɗaya ta tare shi ta ce, "Bil'adama, duk abin da ka gani nan mutane ne. Jan yakutu jininsu ne da ya daskare, koren zumurrudu ɗacin ransu, farin lu'ulu'u hawayensu. Dutse ba ya sakin mutumin da ya kama sai uban da ya haifi mutumin ya kira shi da sunan yanka."

Jatau ya komo a guje, ya tarar dutse ya kai wa Gimbiya ƙirji, numfashi na neman gagararta. Ya isar da saƙo. Wa ya taɓa jin ɗa ya ambaci sunan uwarsa a bainar jama'a?

Sarki ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya ce, "Uwani!"

Wayyo! Dutse ya haura maƙogwaro, idanunta suka fara ja.

Sai Sarki ya yi jifa da sandar mulki, ya durƙusa yana kuka, ya ƙwala kira, "Hajara! Hajara, 'yata!"

Dutsen ya tsage, ya zube ƙasa, ta amsa, "Na'am, Baba."

Aka mayar wa aljanu yakutunsu, aka toshe kogon, aka ɗaura auren Gimbiya da Jatau bisa yardarta. Amma ɗan ƙaramin yatsanta na ƙafar hagu, har ta tsufa jan dutse ne, kuma duk sanda Sarki ya hange shi sai ya sunkuyar da kai.