Gidan Kunkuru Ba Izini

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Kunkuru ya shigo birni, sai ma'aikata suka shafa wa ƙoƙon bayansa jan fenti, wai gini ne ba izini, rushe shi za a yi. Ya lallaɓa ofis wurin Hawainiya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, izini nake nema."

Ta ce, "Sai mun duba ginin a filinsa."

"Ai ga shi na zo da shi."

"Mai da shi can, ka dawo kai kaɗai ka sa hannu."

Washegari Kura ta zo da guduma, ta ƙwanƙwasa. Kunkuru ya janye kansa ciki, ya ce, "Maigidan ya tafi ofis."

A dokarsu kuwa ba a rusau sai mai gida na tsaye. Kura ta nemi wuri ta zauna. Har yau tana nan.

Ƙurunƙus, kan ɓera ma sai da izini.