Sallau da Kayan da Aka Yi wa Saman Ƙarya

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah mai suna Sallau, a wani gari mai filin jirgin sama. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba. Sana'arsa ɗaurin kaya: ya jera kayan fatake a kan faifan katako, ya ɗaure tamau, a kai wa jirgi. Yana aiki a wurin Alhaji Tanimu, abokinsa tun suna yara, mai aika ƙorai da akusa masu zane zuwa ƙasashen waje.

To ku saurara, don ku gane yadda abin yake. Wuri a cikin jirgi tsada gare shi. Idan saman kayanka a baje yake, yana da ƙarfi, ana iya ɗora na wani a kai, kuɗinka daidai ne. Idan kuwa ya yi tozo, ko ba ya ɗaukar nauyi, sai kamfanin jigila ya ƙara maka kuɗi, don ka cinye wurin mutum biyu.

Wata rana aka haɗa ƙorai masu yawa, suka yi tozo. Alhaji Tanimu ya zagaya kayan, ya ce, "Malam Sallau, kawo kwalayen nan da babu komai a ciki. Ka cike gefe da gefe, ka shimfiɗa falanki a sama, ka naɗe da leda. Wa zai sani?"

Sallau ya ce, "Alhaji, bari in yi musu akwatin katako mai ginshiƙai. Ko me aka ɗora zai ɗauka."

"Kafin ka gama jirgi ya tashi."

"To a biya ƙarin, a manna alamar kada a ɗora komai."

Alhaji ya ce, "Ƙoraina ne. In sun fashe asarata ce, ina ruwanka?"

Sallau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba ƙoran nake ji ba. Can inda za a sauke, akwai ɗan dako irina da zai tsaya a gindin kayan nan, ya yarda da hannuna bai taɓa ganina ba. Ba zan iya ba, Alhaji."

Ran Alhaji ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona shi, a gaban ma'aikatansa aka faɗa. Ya ce, "In ba za ka iya ba, ga hanya nan." Sallau bai ɗaga murya ba, bai yi gori ba. Ya ɗauki gudumarsa da hularsa, ya yi sallama, ya fita. Aka sa wani ya yi aikin, kaya suka wuce, ba a ƙara ko sisi ba. Alhaji har da dariya.

Ba a jima ba mai sayen kayan ya bugo waya. A ɗakin ajiya na can an ɗora akwatin injuna a kan kayan Alhaji. Kwalayen banza suka lotse, akwatin ya zame, ya faɗo wa wani ma'aikaci a baya. Bai mutu ba, amma an ce ba zai sake tafiya da ƙafafunsa ba.

Jama'a, Alhaji Tanimu ya biya tara, ya biya asara, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya shiga neman Sallau, har ya same shi a bakin kasuwa yana gyaran kujeru, ya rame. Alhaji ya durƙusa, da babbar rigarsa, ya faɗi duk abin da ya faru. Ya ce, "Ka yafe mini, Malam Sallau."

Sallau ya ce, "Nawa na yafe tun a bakin ƙofa. Shi wannan bawan Allah, yaya sunansa? Yana da iyali?"

Alhaji bai sani ba. Bai tambaya ba. Bai taɓa tambaya ba.

Sai hawaye suka zubo wa Sallau. Ya ce, "Ni ma ina da nawa kason. Na tsame hannuna, na tafi gida ina ganin na kuɓuta. Ga ofishin masu awon kayan jirgi nan kusa da wurin aikinmu, da na je na faɗa musu, da mutumin nan yana tsaye. Kunyarka na ji, Alhaji. Kunyar abota."

Kun ji? Wanda ya ƙi aikata laifin shi ke kuka. Har Allah Ya karɓi ransa, Sallau bai daina yi wa mutumin da bai san sunansa ba addu'a.

To ni da ku fa? Kai mai gini da ke rage siminti, ke mai abinci da ke rufe na jiya da na yau, kai makaniki da ka ɗaura tsohon birki ka ce sabo ne: akwai wanda zai tsaya a gindin aikinka, ya yarda da kai bai san ka ba. Amana ba ta tsaya kan wanda ke gabanka ba. Kuma in ka ga za a cuci wani, tsame hannu bai wadatar ba, buɗe baki ka faɗa tun da sauran lokaci. Allah Ya ba mu ikon gyarawa kafin ranar da nadama ba ta da amfani.